Mugun da Aka Hana Ni Kashewa

"Efren, fuskar wa ce wannan?"

Ya kalli shafin, ya sosa ƙeya. Ni ke rubuta labarin a wata mujalla, shi ke zanawa. Haka muke tun da na dawo Manila daga karatu a Kanada. Na rubuta masa mugun uba mai suna Don Severo, wanda ya hana 'yarsa sakat. Shi kuma ya zana Babana sak, har da sanƙon da tawul a kafaɗa. Wai hannunsa ne ya tafi da kansa.

Mujallar ta riga ta fita. Baba mai aski ne, a igiyar shagonsa ake rataye ta don masu jiran aski. Ranar Lahadi kuma iyayen Efren za su zo neman aurena.

Suka zo da tiren taliyar pansit da farfesun kaza na adobo. Baba bai taɓa ba. Ya ajiye mujallar a tsakiyar tebur. Efren ya hau rantsuwa zai sauya fuskar, Baba ya ce kada ya kuskura, layi ake yi a shago don Don Severo ya yi wa mutum aski.

Sai ya juyo kaina.

"Ning, ya zai ƙare?"

"Zai faɗo daga gada, Baba... ya mutu."

"'Yar tasa za ta yi kuka?"

A rubutuna ba ta yi ba.

Sai ya ce babu aure sai mutumin ya rayu.

Shekara na yi ina gina mutuwar nan, ban taɓa rubuta abin da ya kai ta ba. Efren ya raɗa min, "Masoyiyata, ai na iya zana kwale-kwale a ƙarƙashin gada." Na take masa ƙafa.

Na sa kwale-kwalen, Don Severo ya faɗa ciki ya tsira. Edita ya tambaye ni ko abin da aka koya min a Kanada ke nan. Masu karatu suka ce na raina musu hankali, kuma gaskiyarsu ne.

An ɗaura aure. Baba ya yanke hoto ɗaya ya manna a madubin shago: 'yar tana gudu a bakin kogi, takalmi ɗaya a ƙafa, tana kiran ubanta.

Ban rubuta wannan ba, Efren ne ya ƙara bai tambaye ni ba. Na gani kafin a kai ɗab'i. Ban ce ya goge ba.