Kafin a Karɓi Goro

Ranar Talata, sha uku ga watan Fabrairu na shekarar 2024, wadda ta yi daidai da uku ga Sha'aban, kwana arba'in da biyu ke nan cif tun da dangin Kamilu suka fara neman ranar kawo goron tambaya gidan Alhaji Arzika a Dakoro. Sau uku ana sa musu rana, sau uku Alhaji yana ɗagawa. Da la'asar sakaliya Kamilu ya kashe babur ɗinsa a ƙofar gidan, ya buga wa Sharifa, ɗiyar Alhajin, salula, ta fito.

Bai jira gaisuwa ta ƙare ba.

"Sharifa, gaya mani gaskiya. Mi na yi wa Baba?"

"Ba ka yi mashi komai ba."

"To aikina ne bai yi mashi ba? Ko don ba mu da garke?"

"Haba, Kamilu! Yaushe Baba ya taɓa auna mutum da garke?"

"To mi ne ne? Kawu Hama ya rantse. Ya ce Juma'ar nan ita ce ta ƙarshe. In aka sake ɗagawa ya cire ƙafarshi, kuma kin san in ya cire, babu mai sa tashi ƙafar a danginmu."

"Ka ba ni kwana biyu..."

"Na ba ki arba'in da biyu, sanyin idona! Kin san dalili, ina gani a fuskarki."

Ta sunkuyar da kai, tana murɗa gefen mayafi.

"Na sani. Amma amana aka ba ni."

"Ni ma ai amana ce a hannunki."

Ya tayar da babur ya tafi bai waiwayo ba. Ta tsaya tana kallon hanya, hawaye na zuba. Ta share su da kanta, ta koma ciki da shawarar da ta yanke.

Ga abin da Sharifa ta sani. Mahaifinta dillalin dabbobi ne tun bayan farin 1984. Shekara arba'in yana buɗa bakin bijimi da raƙumi, ya dubi haƙora ya faɗi shekarun dabba, daga Korahane har Ɗan Gulbi ba a taɓa musa masa ba. Shekara arba'in ɗin nan kuma taba da kanwa ba su bar kuncinsa ba.

Tun bara dasashinsa ya kumbura. In ya sa asuwaki sai jini, don haka ya ajiye asuwakin, yana zaton shi ke fama masa ciwo. Ya bar nama, ya bar goro, ya koma fura da kunu. Daga baya wari ya biyo, sai ya ja amawali ya rufe baki, ya rage magana. Mutane suka ce Alhaji ya shiga zuhudu. Sharifa kuwa, wadda ke wanke rawaninsa tun rasuwar mahaifiyarta, ta ga jini a jikin rawanin. Ya sa ta yi alkawarin kada kowa ya ji.

Ba shi da wa ko ƙane a raye da zai karɓi baƙi a madadinsa. Dole shi zai zauna gwiwa da gwiwa da su a zaure, ya yi magana, ya ɓantari goro. Abin da ya ƙara ɗaure lamarin shi ne, a gidan likitan garin, malamin jinyar da ya yi karatun kula da haƙora a Yamai, wanda kowa ke kira lokotoron haƙori, shi ne Kamilu.

Ta tarar da mahaifinta a kan buzu ƙarƙashin dogon yaro, yana jan tasbaha. Ta durƙusa.

"Baba, Juma'ar nan ce ta ƙarshe. In ka ɗaga, sun fasa."

Tasbahar ta tsaya.

"Ɗiyata, ba ƙin yaron nike ba. Allah ne shaida."

"Na sani, Baba."

"To ya zan zauna da manyan mutane suna kau da kai? A koma garinsu Adjekoria a ce uban amarya bakinshi ya ruɓe?"

"Sai a yi magani."

"Wurin wa? Wurin shi?" Ya yi dariyar takaici a bayan amawali. "Ni Arzika in kwanta in hangame baki gaban surukina, kamar tsohon sa ranar kasuwa? Suruki ko abinci ba a ci gabanshi, Sharifa!"

Ta ɗago kai ta dube shi, abin da ba ta saba ba.

"Baba, in tambaye ka?"

"Tambayi."

"Ka karɓi goronsu?"

"Kin san ban karɓa ba."

"To da mi ya zama surukinka?"

Ta matso kusa da buzun, ta ci gaba.

"Yau Kamilu ɗan mutane ne, ma'aikacin gidan likita, kamar kowa. Gobe ma haka, jibi ma haka. Ranar Juma'a in ka karɓi goro, kunya ta shiga, ƙofa ta rufe. Kwana biyu gare ka, Baba, waɗanda al'ada ba ta hana ka komai ba."

"Wannan wayon wa ya koya maki?"

"Ɗiyar dillali ce ni."

Ya so ya yi dariya, sai ya ga idanunta sun cika.

"Ban faɗa mashi ba, Baba. Ya tafi yana fushi da ni, na riƙe amanarka. In ka ce in ci gaba da riƙewa, zan riƙe, in rasa shi. Amma haƙoranka ba za su jira ba. Na ga wanda ka tofar a ƙasa shekaranjiya..."

Ta goge ido da gefen mayafi. Dattijon ya naɗe tasbahar a hannunsa.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi," in ji shi a hankali. "Gaya mashi gobe da hantsi. Amma ki ce lokotoro nike nema, ba Kamilu ba."

Da ta kira Kamilu ta faɗa masa komai, sai ya ce:

"Duk wannan nauyin ke kaɗai kika ɗauka? Ni kuma ina yi maki faɗa... Ki yafe mani, rabin raina."

"Ka gyara mani bakin Baba, sai mu yi maganar yafiya."

Laraba da hantsi ta raka mahaifinta gidan likita, ta zauna a kujerar bakin ƙofa. Kamilu ya fito da farar riga, ya rusuna har ƙasa.

"Barka da zuwa, Baba."

"Tashi! Wa ne Babanka? Yau Alhaji nike, kai kuma lokotoro. Yi aikinka."

"To, Alhaji. A sauke amawali."

Dattijon ya sauke shi a hankali. Kamilu bai yamutsa fuska ba, bai ja da baya ba. Ya haska fitila, ya bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya da ɗan ƙarfe.

"Ashirin da bakwai suka rage. Biyu sun wuce ceto. Sauran za mu riƙe su, in sha Allahu."

"Shekaruna nawa?" in ji Alhaji, baki a buɗe.

"Wannan ilimin naku ne, Alhaji, ba a koya mana shi a makaranta ba."

Sharifa ta toshe dariya da mayafi.

"Alhaji, haƙori turke ne, dasashi kuma ƙasar da aka kafa shi. Dattin abinci in ya kwana a gindin haƙori, yakan taru ya taurare kamar tsakuwa. Shi ke kumbura dasashi, ya sa jini, ya zaizaye ƙasar har turke ya fara girgiɗi."

"Ni na ce asuwaki ne ke jawo jinin."

"A nan aka yi kuskure. Jinin ƙara yake kawowa cewa akwai datti. Da kuka ajiye asuwaki, sai dattin ya sami filin kwana."

"To yanzu fa?"

"Yau zan kankare tsakuwar, gobe in ƙarasa, in ba ku maganin kurkura. Sauran aikin naku ne. Safe da kafin kwanciya, magogi mai taushi da man haƙori, a bi gindin haƙora a hankali, ciki da waje. Ko an ga jini kada a fasa, zai ɗauke da kanshi. Asuwaki a ci gaba da shi wurin alwala, a riƙa yanke kan da ya tsufa. A tsabtace tsakanin haƙora, a goge harshe."

"Shi ke nan?"

"Saura ɗaya... tabar."

"Kai, yaro! Shekara arba'in!"

"Lokotoro, Alhaji. Ku kuka ce."

Alhaji ya harare shi. Sannan ya laluba aljihu, ya ciro battar taba, ya miƙa wa ɗiyarsa ba tare da ya dube ta ba.

"Bayan Juma'a wa zai riƙa duba ni?"

"Akwai abokin aikina a Maradi. Duk wata shida."

"Madalla. Don kai kam daga jibi ko hamma ba za ka ga na yi ba."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Kawu Hama ya iso da dattawa huɗu, fuskarsa a ɗaure. Sharifa ta laɓe a bayan ƙyauren zaure. Ta tsagar ƙofa ta ga mahaifinta ya kai hannu ya sauke amawali har ƙasan haɓa, ya matso kusa da baƙi.

"Malam Hama, sau uku na wahalar da ku. Ba raini ba ne. Ciwon baki na yi, na ɓoye shi, ya kusa ci mani ɗiya. Ɗanku ya gan ni a halin da ban so kowa ya gani ba, bai kau da kai ba. Na ba shi Sharifa."

Kawu Hama ya saki fuska, ya turo ƙwaryar goro.

"To bisimilla, Alhaji, a ɓantara!"

"Na karɓa da hannu biyu. Ɓantara kuwa sai lokotoro ya yi izini."

Zauren ya ɗauki dariya, aka shafa fatiha. A bayan ƙyaure Sharifa ta zame ta zauna, tana kuka tana dariya.

An ɗaura auren ranar Asabar, ashirin ga watan Afrilu, bayan ƙaramar Salla. An cire haƙoran nan biyu a Maradi, sauran ashirin da biyar suna nan daram. Tun daga waccan Juma'a Kamilu bai sake ganin cikin bakin surukinsa ba.