Randar Bado

"Wa ya fasa min randa?!"

Auta ta durƙusa a baranda, ruwa da laka sun malale har ƙofar falo. Badon da ta yi wata uku tana raino yana kwance a siminti, ganyensa ya fara yaushi.

Sai 'yar kawunta, da ke zaune a gidansu, ta wuce sum-sum, bakin zanenta sharkaf da ruwa.

Dama ita ta kai wa Mama labarin soyayyar Auta da wani maginin tukwane, don ita ma shi take so.

Shi ya gina randar nan, mai faɗin baki, marar huji a gindi. Shi ya koya wa Auta ta goga bawon irin a dutse, ta jiƙa, ta jira. Kullum sai ya biyo, wai duba tsiro, har ranar da ya sunkuyar da kai ya ce, "Ƙalbina... ni fa ba don bado nake zuwa ba."

Mama kuwa ta ce sam! "Da karatunki? Mutumin da farcensa ba ya rabo da laka? Kar in sake ganin ƙafarsa!"

Yau dai Auta ta kira shi a waya.

"Saiwar ta karye?"

"Ban sani ba... tsoron taɓawa nake."

"Lulluɓe ta da jiƙaƙƙen zane, masoyiya. Ga ni nan."

Da sabuwar randa a kafaɗa ya iso, ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Mama, ba hira na zo ba. Ki bar ni in ceci abin nan, in tafi."

Mama ta harɗe hannu, ba ta ce shiga ba, ba ta ce koma ba.

Ya naɗe hannun riga, ya ɗago saiwar a hankali kamar jariri, ya kwantar da ita a laka cikin sabuwar randar, ya bar kan tsiron a waje. Ya zuba ruwa kaɗan-kaɗan ta gefe, sai ganyen ya taso yana lilo. Hasken hantsi ya faɗa cikin randar, Auta ta ga barandar ta zama tafki, furanni ko'ina, su biyu a kwale-kwale, ba mai kiran sunanta...

Ƙarar tsintsiya ce ta farkar da ita. Ya kwashe fasassun, ya wanke barandar tas, ya juya zai tafi.

"Kai," in ji Mama. "Iyayenka na raye?"

"Suna nan, Mama."

"To ba a baranda ake neman 'yar mutane ba. Turo su."

'Yar kawun ta fashe da kuka, ta faɗi gaskiya. Auta ta yafe mata, ko da yake sai da aka kwana biyu.

Satin bikin Auta, furen ya buɗe, ruwan hoda, faɗin tafin hannu. Da aka zo kwasar kayan amarya, Auta ta nufi randar.

Mama ta tare ta.

"Ina za ki da ita? Wannan tawa ce. Mijinki ya gina miki wata!"