Tsaka Mai Ƙifta Ido

Gab da magariba Yahuza ɗan acaɓa ya sauke Ikrima a gindin duwatsun da ke bayan Yalwawa. Ɗalibi ne a shekarar ƙarshe, kuma aikin kammala karatunsa a kan dangin tsaka yake. Kowa na kashe tsaka da takalmi don neman lada, shi kuwa bawan Allah tara su yake a kwalabe yana rarrabawa. Masu faffaɗan yatsu da ke manne wa bango daban, masu siririn farce na tsagar dutse daban. Iri ɗaya ya rage masa, mai kaurin wutsiya da ke ƙifta ido kamar mutum. In bai samo ta ba, sai ya maimaita shekara.

"Malam, wannan lokacin fa ba namu ba ne," in ji Yahuza ƙasa-ƙasa.

"Yanzu zan sauko."

Kai, taurin kai! Ikrima ya hau dutsen abinsa.

Dutsen da sauran ɗumin rana, ga warin kashin jemage. Can ƙasa ladan ya fara kiran salla, sai muryar ta yanke ɗif.

Ga ta nan a bakin wata tsaga. Ta dube shi. Ta ƙifta.

Ya kai hannu, ta gantsara masa cizo. Zafi ya mantar da shi karatu, ya koma abin da ya saba tun yana yaro. Ya zare takalmi ya maka mata, ko bisimilla babu.

Ƙas! Ba nata ba, haƙarƙarinsa ne ya karye.

A ruɗe ya sake kai mata duka. Hancinsa ya fashe, jini ya cika masa baki.

Wani abu mai sanyi ya cafki hannunsa ya ja cikin tsagar. Dutsen ya haɗe a kan yatsunsa biyu.

"Ka kwashe mana 'ya'ya," wata murya ta raɗa masa a kunne. "Ka ce wannan ba ɗan'uwan wannan ba ne. Wa ya tambaye ka?"

Sai suka fara fitowa. Farare, masu ɗigo, masu ratsi, har da irin da bai taɓa gani ba. Suna bin hannunsa, suna cizo, suna neman maƙogwaro.

Tsoro ya kama shi. Ya san mutuwa ce.

Ya dafa dutsen da ƙafa, ya ambaci Allah, ya fizga.

Nama ya yage, ƙashi ya ɓalle. Ya gangaro har gaban babur yana ihu. Yahuza ya ɗaure masa dungulmin da rigarsa, suka yi asibiti.

Ikrima ya rayu, amma karatun ya tsaya nan. Daga gadon asibiti ya roƙi Yahuza ya mayar da kwalaben ya saki kowace tsaka.

Da hantsi Yahuza ya hau, ya sake su. A bakin tsagar ya tarar da yatsun nan biyu, sun kwana a kan dutse, har yanzu suna mutsu-mutsu.