Rubutun Da Ya Ƙanƙance

"Faɗa mini wane ne shi!"

Ta tsaya turus a ƙofar falo, jakar aiki a kafaɗa, ko takalmi ba ta cire ba.

"Wa kuma, Mai agogona?"

"Wanda ke bayan labulen can! Kullum kika fita sai ya shigo. Har dariya yake yi mini..."

Ta je ta yaye labulen. Babu kowa, sai hasken la'asar.

Mijin nata, mai gyaran agogo, bai ko kalli wurin ba, ya miƙo mata takarda. Saki ɗaya ne. Amma abin da ya sa gabanta ya faɗi daban ne. Rubutun manya-manya ne, a miƙe, kyakkyawa, irin na wasiƙun da yake aiko mata kafin aurensu.

Rabon da ya yi rubutu haka shekara biyu ke nan, tun da ciwon karkarwa ya kama shi. Ciwon nan yakan sa hannu rawa, ya daskarar da fuska, ya ƙanƙantar da rubutu. Ita kuwa a ɗakin bincike take aiki, kan wani sinadari na ƙwaƙwalwa da ake kira dofamin. Uwar ɓeraye yake ce mata don tsokana, saboda a kansu take gwaji. Ta san halin sinadarin nan sarai: in ya yi ƙasa jiki ya sandare, in ya yi yawa ido ya ga abin da babu. Maganin mijinta ƙara shi yake yi.

"Ƙwaya nawa kake sha yanzu?" ta tambaye shi.

"Ina ruwanki?"

"Don Allah, masoyi... ninkawa kake yi, ko?"

"In ban ninka ba da me zan riƙe ƙusar agogo? Da ƙafa?"

"Maganin ne yake nuna maka mutumin nan! Wallahi babu kowa!"

"Au, mahaukaci ma na zama? Fita!"

Ta fita tana kuka, ta nufi gidan yayarta.

Yayar nan tata, Allah Ya ba ta baki, bai haɗa mata da birki ba.

"Dama na faɗa! Ke da karatunki, ki ƙare a jinya? Yanzu ga tukwici, ya ce kina bin maza!"

"Yaya, ba shi ba ne ya faɗa. Ciwo ne."

"Ciwon ne ya riƙe biron?"

Washegari ta je asibitin da ake duba shi. Likitan jijiyoyi yana hawa na uku, likitan ƙwaƙwalwa yana ƙasa, ta yi ta hawa da sauka a tsakaninsu har ƙafafunta suka yi tsami. Na sama ya ce in aka rage magani hannun zai tafi. Na ƙasa ya ce in ba a rage ba hankalin zai tafi. Sai da ta zaunar da su a ofis ɗaya.

"Mutum ɗaya ne fa, ƙwaƙwalwa ɗaya," ta ce. "Ku kuka raba shi hawa biyu."

Suka gwada masa sabon haɗin magani, bai karɓe shi ba. A ƙarshe suka ce zaɓi ya rage gare shi, ba za a yi masa dole ba.

Wata biyu shiru. Ta rame, ta yi zuru-zuru. Tana son sa, tana jin haushinsa, kuma kewarsa ta fi komai cin ta. Kwanakin idda kuwa sai tafiya suke yi.

Ran nan da safe tana neman almakashi a durowar yayarta, ta ci karo da ambulan mai sunanta.

"Yaya! Wannan fa?"

"Oho, maƙwabcinsa ya kawo, sati biyu ke nan. Na buɗe, ba komai a ciki. Zane ne kawai kamar sawun tururuwa."

Ta fizgi mayafi ta fita, ba ta tsaya ko'ina ba sai wurin aiki. Ta shimfiɗa takardar a ƙarƙashin madubin da take duba ƙwaƙwalwar ɓeraye da shi, ta murɗa har haruffan suka fito.

*Uwar ɓeraye, na rage maganin. Babu kowa a bayan labule. Ki yafe mini. Na mayar da ke, in kina so na a ha...*

Daga nan rubutun ya ƙanƙance, ya koma ɗigo-ɗigo, madubin ma ya kasa.

Ta kifa kai a teburin, ta yi kuka mai isarta.

A shagonsa na gyaran agogo ta same shi. An tattara agogunan mutane a kwali, kowanne da sunan mai shi, za a mayar musu ba a gyara ba. Yana zaune a kujerarsa, hannayensa na kaɗawa a cinya, maɓallan rigarsa biyu a buɗe. Ya ɗago a hankali. Fuskarsa ba ta motsa ba ko kaɗan.

"Kin zo..." Muryar can ƙasa.

"Sai yau na gani. Yaya ce ta ɓoye."

"Na ɗauka amsar ke nan."

"Haba, Mai agogona!"

"Ki daina kira na haka. Na rufe shago."

"Ni ban rufe ba."

Ya daɗe yana kallon ta, hawaye na bin kuncinsa.

"Ina murmushi fa," ya ce. "Fuskar ce ta ƙi."

"Na gani."

Ta durƙusa a gabansa, ta kama hannayen biyu. Suka ci gaba da rawa a cikin nata.

"Mutumin nan fa? Ya sake zuwa?"

"Ya tafi," ya ce. "Da hannuwana ya tafi."

Ta share masa fuska da gefen mayafinta, sannan ta shiga ɓalla masa maɓallan ɗaya bayan ɗaya.