Shafin Tsohuwa Mai Sharar Fada

Ƴata tana aji biyu na kwalej a nan Matameye. Ba zan faɗi sunanta ba, ƴar fari ce. Tana da ƙoƙari, amma akwai ta da saurin fushi.

Ranar Alhamis ta dawo daga lakwal, wato makaranta, da takarda a hannu. Mushe Isufu, malaminsu na Faransanci, yana son ganina. Babanta yana Kano wajen cin rani, komai a kaina yake.

"Ke, me kika yi?"

"Ba komai, Inna."

"Ba komai ake kiran uwa lakwal?"



Washegari na je. Ko gaisuwa ba mu gama ba, Mushe ya buɗe wani littafi a gabana. An yage shafi guda daga tsakiya.

"Dubi aikin ƴarki," in ji shi. "Wani tsohon wasan kwaikwayo muke karantawa. Marini ya ari babbar riga, ya shiga wani gari, aka ɗauka ɗan sarkin garin ne da ya ɓace tun yana yaro. Ɗan sarkin na gaskiya ya iso cikin tsumma, aka kore shi. Na raba wa yara mutanen wasan, kowa ya yi nazarin halin nasa da maganarsa, mu nuna ranar bikin rufe lakwal."

"To, Mushe?"

"Na ba ta tsohuwa mai sharar fada. Ta ce ita gimbiya take so. Na ce a'a. Sai ta yage shafin tsohuwar! Littafi ɗaya yara huɗu ke karatu da shi. Sadiyya da ke zama kusa da ita har kuka ta yi."

Kunya ta rufe ni.

"Ran Litinin," in ji Mushe, "ta maido shafin, ta tsaya gaban aji ta yi bayanin halin tsohuwar. In ta kasa, na cire ta daga wasan."

A gida na zazzage jakarta. Ga shafin nan a cukuikuye.

"Haushin kaza kika huce a kan dami!" na ce. "Littafi ya zage ki?"

"Ni ba mai shara ba ce! Duk aji dariya suke yi mini. Maganarta ma ba ta fi layi biyar ba."

"Kin karanta layi biyar ɗin?"

Ta sunkuyar da kai. Ashe ko dubawa ba ta yi ba. Raina ya ƙara ɓaci. Na bar ta, don kada hannuna ya riga bakina.

Asabar da safe ina ɓarar gyaɗa, na kira ta. Ni aji huɗu na tsaya, Faransancina ya gudu tuntuni.

"Zauna. Karanta, ki juya mini da Hausa."

Ta fara tana ƙunƙuni. "Suna ƙofar fada su biyu. Marini ya ce, 'Ni ɗan sarki ne, ku kauce!' Ya kuma ce, 'Ni ɗan sarki ne, ku kawo mini kujera!'"

"Tsaya. Duk inda ya ce shi ɗan sarki ne, aje gyaɗa ɗaya."

Ta ci gaba. Gyaɗa bakwai ta jeru a tabarma.

"Ɗayan fa? Nawa zai samu?"

Ta bi shafin da yatsa. "Ko ɗaya, Inna. Abin da ya ce kawai, 'Sannu da aiki, Iya. Yaya ƙafar taki?'"

"Tsohuwar ta ce me?"

Ta karanta a zuci. Ƙunƙunin ya tsaya.

"Ta ce wa sarki, 'Ranka ya daɗe, a tambaye su wace ƙafa ce ke yi mini ciwo.' Marini ya ce ina ruwansa da ƙafar mai shara. Ɗayan ya ce ta hagu, tun ranar da ta faɗi da shi goye a bayanta."

Ta ɗago kai, idonta waje.

"Inna! In babu shafin nan, marini zai ci sarauta!"

"Kin gani? Shi kika yage."

Sai hawaye. Ban lallashe ta ba, fushina bai gama sauka ba. Na miƙa mata ƙaro don liƙi, ta jiƙa. Ta miƙar da shafin da dutsen guga. Da la'asar ta je gidan su Sadiyya, inda littafin yake, ta ba ta haƙuri. Tare suka liƙe shi.

Ran Litinin na kasa zama. Na bi ta lakwal, na tsaya bakin taga.

Mushe Isufu ya duba littafin, fuska a ɗaure. "Muna jin ki. Me ya sa tsohuwar ba ta yawan magana?"

"Saboda saurare take yi, Mushe. Kowa riga ya kalla. Ita kaɗai ta ji yadda suke magana. Mai ƙarya yana ta faɗin kansa. Ɗan gida kuwa tambayar lafiyar mutane yake."

Mushe ya daɗe yana kallonta.

"Har yanzu gimbiya kike so?"

"A'a, Mushe. A bar mini tsohuwata."

Yara suka fashe da dariya, shi ma ya dara. "Je ki zauna. Kina cikin wasa."

Sai a lokacin na bar bakin tagar, na koma gida.

Yara, ku ji ni. Kada ku raina abin da aka ba ku tun ba ku san shi ba. In rai ya ɓaci, kada ku lalata kayan da kowa ke amfani da shi. Ku buɗe, ku karanta, sannan ku yi magana.