Jar Rigar Asta

Ina tsakar gida ina tsintar shinkafa bayan la'asar, sai ga Goggo Sabuwa ta faɗo, ko sallamar ba ta ƙarasa ba, mayafi a kafaɗa, waya a hannu.

"Dija! Ina ƙanen naki? Ina angon? Ya fito ya ga abin da amaryarsa take yi a Chaina!"

Sunana Khadijah, a nan unguwar Makama ana ce mini Adda Dija. Ban yi boko mai nisa ba, don haka yadda abin ya faru haka zan faɗe shi. Mu 'yan Yola ne, aure ne ya kai ni Mubi. Shekarar da 'yan bindiga suka shiga garin, a can na baro mijina Hamajoɗa. Ya koma ɗauko mahaifiyarsa, bai sake fitowa ba, ko kabarinsa ban sani ba. Muka biyo daji da ƙafa, ni da ƙanena Hamman da nake riƙo tun rasuwar iyayenmu, da Asta 'yar maƙwabtanmu, wadda uwarta ta cika a hanya. Hamman ne ya goya ta da ƙafafunta suka kumbura. Babanta, Malam Abdulhakeem, sai daga baya ya same mu a Yola.

Tun daga lokacin Asta ta zama yarinyar da ba ta dariya. Murmushi dai, shi ma kaɗan.

Suka girma. Hamman ya zama malamin firamare a Damare, Asta ta shiga jami'a, soyayya ta ƙullu, har aka kai akwatuna aka sa biki bayan babbar salla. Ana cikin haka aka zaɓe ta cikin matasan da za su je Chaina su ga al'adun mutanen can. Hamman da kansa ya je ya roƙi babanta ya bar ta.

Ya fito daga ɗaki yana gyara hula, Goggo ta danƙa masa wayar, ni ma na leƙa. Asta ce cikin wata jar riga mai ɗinkin zare ruwan zinariya, an ɗora mata wani abu kamar kambi a kan hijabinta. Tana riƙe da bakin wani jan ƙyalle, ɗaya bakin yana hannun wani dogon saurayi, shi ma cikin jar riga da baƙar hula mai fukafukai. Kuma Asta dariya take yi. Dariya sosai, baki buɗe, kai a baya.

"Aure ne!" in ji Goggo. "Haka suke ɗaura nasu. Yaron kuma Apollos sunansa, ɗan unguwar Nassarawo ne a Jimeta, na bincika!"

"Haba Goggo," na ce, "ga shi an rubuta a ƙasa. Nuna musu ake yi yadda ake bikin gargajiya. Wasa ne."

"Wasa? Aure ake wasa da shi? Tun muna yara muke ji a wa'azi, ko da wasa aka ɗaura shi ya ɗauru!"

Goggo ƙanwar babanmu ce, kuma kowa a dangi ya san ta so Hamman ya nemi autarta. Ba ta tsaya nan ba, sai da ta kai maganar gaban limamin unguwa. Ya tambaye ta waye waliyyi, nawa ne sadaki, su wa suka shaida. Da ta rasa amsa ya ce ta koma gida, babu wani aure.

"To, bai ɗauru ba," ta ce da ta dawo. "Amma kunya fa? Hoton nan babu wayar da bai shiga ba daga nan har Jimeta."

Shi dai Hamman ɗaki ya shige. Tuwo ya huce a kwano. Da safe na same shi a bakin rijiya, ya buɗe hoton yana jan fuskarta da yatsu biyu.

"Ka san fa wasa ne," na ce.

"Na sani, Adda."

"To mene ne?"

Ya juyo mini da wayar. "Dubi dariyarta. Shekara nawa muna tare? Na yi mata barkwanci, na kai ta bakin kogi, babu abin da ban yi ba. Ban taɓa ganin haƙorinta na ciki ba. Wannan ƙaton daga haɗuwa a jirgi!"

Wasaf ba ya yi musu a can sai da dabara, don haka saƙonta yakan taru ya zo gaba ɗaya. Ranar nan saƙonnin suka shigo, muryarta cike da ɗoki. Wai ta iya cin taliya da tsinke biyu. Wai mutanen can ruwan zafi suke sha ko ana rana. An kai su wani tsohon masallaci mai lanƙwasasshen rufi, ta yi salla sahu ɗaya da tsofaffin mata 'yan Chaina, ɗaya har ta ba ta dabino. Ta rubuta sunan Hamman da burushi da baƙar tawada, malamar da ke koya musu ta ce ya yi kyau. Ya saurara duka, fuska a ɗaure. Da ta samu layi ta kira, a gabana ya ɗauka.

"Hamma na! Ka ji saƙona?"

"Na ji, Madam Apollos. Allah ya ba da zaman lafiya."

Can ta ce, "Me ka ce?"

"Ina angon? A gaishe shi."

Ya kashe. Ba a jima ba tawa wayar ta yi ƙara. Kuka take yi har numfashinta na sarƙewa.

"Adda, wallahi malamar ce ta zaɓe ni, don rigar ni kaɗai ta yi wa daidai. Ko hannunsa ban taɓa ba, shi ya sa aka ba mu ƙyalle. Mu fiye da ashirin ne a wurin!"

"Na sani, 'yata. Ki yi haƙuri."

"Na faɗi gaskiya sau ɗaya, ba zan yi ta rantse-rantse ba. Zan jira shi ya huce."

Bai huce ba. Goggo kullum tana gidanmu, yau ta ce a kasuwa an tare ta, gobe ta ce a gidan suna an yi da ita. Har ranar da ta tsare shi ta ce, "Kai namiji ne ko kuwa? A je a kwaso akwatunan nan tun mutuncinmu bai gama zubewa ba!" Ya ce, "Ku yi yadda kuka ga dama." Ba ta jira ya sake tunani ba. Kafin a kai ga kwaso kayan, ta riga ta baza cewa an fasa.

Ranar Asabar da hantsi ta ɗauki mata biyu suka nufi gidan Malam Abdulhakeem. Na shiga ɗakin Hamman na tsaya a kansa.

"Tashi ka bi su."

Bai motsa ba.

"Hamman, ni da za a nuna mini hoton Hamajoɗa yau yana dariya, ko da wata mace ce a gefensa, ko a wace ƙasa ce, wallahi sujada zan yi. Kai an nuna maka taka da rai da lafiya, ka zauna kana auna faɗin bakinta?"

Idonsa ya kaɗa ya yi ja, amma ya juya fuska bango. Na fito ina share hawaye, na rasa wanda zan kira.

Sai na ji keke napep ya tsaya a ƙofar gida, wata murya tana cewa, "Oga jira ni, ba zan daɗe ba!" Wata budurwa ta shigo, gajera, kitso har baya, jaka a hammata.

"Salama alekum. Nan ne gidan Malam Hamman? Ni ne Keturah. Apollos saurayina ne, Disamba za mu yi aure. To, da za mu yi!"

Hamman ya fito jin sunan.

"Kai ne? Yawwa! Na zo ka gaya mini gaskiya. Tun yaushe yarinyar nan yake bin Apollos? Irin shiru-shirun nan, su ne fa! A sa hijabi har ƙasa, ido yana kan saurayin mutane!"

"Ke, dakata!" Ban taɓa jin muryarsa ta tashi haka ba. "Asta kike faɗa wa haka? Yarinyar da ko hanya ba ta haɗa ido da namiji? Ni na san ta tun tana 'yar mitsitsiya. Ba ta taɓa yi mini ƙarya ba, ko sau ɗaya! Wasa aka sa su, ko hannunsa ba ta taɓa ba!"

Keturah ta riƙe ƙugu ta dube shi sama da ƙasa.

"To me ya sa ka fasa auren?"

Ba ta jira amsa ba, ta ɗora:

"Ni da na ga hoton dariya na yi! Har na tura masa na ce ya yi kama da zakara. Sai jiya a coci aka ce mini saurayin yarinyar ya fasa. Na ce to, shi ya fi kowa saninsa, tunda ya fasa akwai magana. Duk Nassarawo haka ake cewa! Na cire zobe na buloke Apollos. Yanzu kai kuma kana ce mini babu komai? Malam, kana lafiya?"

Na ga maganar ta shige shi har ƙashi. Duk abin da Goggo ta yi ta yaɗawa bai kama Asta ba, sai da shi ya sa hannu. Ya dubi Keturah, ya dube ni, sai ya zura takalmi wari da wari ya yi waje.

"Mai keke! Mu je!"

"Kekena ne fa!" in ji Keturah. Muka duru mu uku.

Mun tarar an riga an fito da akwatunan zuwa zaure, Goggo tana sa a ƙirga zannuwa. Malam Abdulhakeem yana zaune kan buzu da carbi. Hamman ya zube a gabansa.

"Baba, na tuba. Ban fasa ba. Don Allah a mayar da kayan."

"Kai Hamman, ka haukace?" in ji Goggo.

"Goggo, ki yi haƙuri. Ni na ce a zo, ni kuma na ce a bari."

Malam ya tsai da jan carbi, ya ɗago.

"Ni ban fito da su ba, ba kuma ni zan mayar ba. Su zauna nan zaure har mai su ta dawo. Abin da ta ce, shi za a yi."

Haka akwatunan suka zauna a zaure, duk mai shiga da fita yana gani. Hamman ya tura saƙon ban haƙuri har ya gaji, amsa ɗaya ta ba shi: sai na dawo. Ya rame. Kullum daga Damare sai ya biya ya kaɗe musu ƙura, yaran unguwa na leƙensa. Ban tausaya masa sosai ba.

Ranar da su Asta suka sauka, da yamma muka je gidan Malam. Keturah ma ta zo ta jawo Apollos, zobe ya koma yatsa. Dogo ne har sai da ya sunkuya a ƙofar zaure. Ya miƙa wa Hamman hannu.

"Sori fa, Malam. Wallahi ni na fi kowa shan wahala. Rigar a gwiwa ta tsaya mini. Ina ɗaga hannu sai ɓarrr, ta yage tun daga hammata har baya! Tsohuwar mai rigar ta biyo ni da allura tana faɗa da yarensu. Duk ɗakin taron dariya ake, daidai nan aka ɗauki hoton."

Asta ta fito da hijabinta ruwan toka, ta gaishe ni, ta tsaya a gefen akwatunan. Ba ta ɗaga murya ba.

"Hamma, ka gan ni ina kuka a daji, ka goya ni. Shekara da shekaru kana ganin kukana, ba ka taɓa gajiya ba. Rana ɗaya ka gan ni ina dariya, sai ka ce a kwaso kaya?"

Hawaye ya zubo wa Hamman, bai ko share ba.

"Kishi ne, Asta. Na so a ce ni ne na sa ki. Ba ni da wata hujja."

"Ni kuwa ina cikin dariyar nan, kai nake tunani. Na ce da Hamma yana nan, da ya fi kowa dariya."

Ta dubi babanta, ya gyaɗa kai.

"Na yafe. Amma wanda ya sa aka fito da su, shi zai mayar. Shi kaɗai."

Hamman ya tuɓe hula ya miƙa mini. Ya ɗora babban akwatin a ka, ya ratsa tsakar gida a gaban matan gidan da suka fito kallo, Keturah na binsa tana, "A hankali, ango, kar ka fasa turare!" Ɗaya bayan ɗaya, har ya gama, riga sharkaf da gumi.

An yi biki bayan salla kamar yadda aka sa. Goggo Sabuwa ta zo, ta ci, ta ce gishiri ya yi yawa.

Ni dai abin da zan gaya wa 'yan baya shi ne, kishi ba ya buƙatar a yi maka laifi, da kansa yake ƙirƙiro laifin, kuma duniya ba ta yarda da sharrin da ake yi wa naka sai ta ga kai ka yarda. Asta ta faɗi gaskiya ta yi haƙuri, Allah ya wanke ta. Wanda nasa yake raye, ya riƙe shi da kyau. Wasunmu ba mu samu wannan damar ba.

Alhamdulillahi.