Wurin da Aka Bari a Dama

"Ki matsar da ni gefe. Ki bar wuri a damana."

Auta ta sauke kyamarar daga idonta ta dubi ƙawarta. Suna tsaye a tsakiyar wata tsohuwar gada ta dutse, dusar ƙanƙara na sauka a hankali. Yatsunta sun sandare tun da ta cire safar hannu don ta iya danna maɓalli.

"Wurin me kuma? Ba kowa a nan sai sandar fitila."

"Ke dai ki bari, ƙawalli. Mai faɗi. Yadda mutum zai iya tsayawa."

Gimbiya ta gyara wuyan jar rigar sanyinta, ta karkata kai, ta ɗaga ido sama ta dama tana murmushi, irin kallon da mace ke yi wa wanda ya fi ta tsawo.

Auta ta san wannan tsayuwar, don sana'arta ce. Hoton biki take ɗauka. Idan ango yana wata ƙasa kuma ana gaggawar buga kati, haka take tsayar da amarya ita kaɗai, daga baya a liƙa shi a gefenta.

"Wa za a liƙa a nan?" ta tambaya.

"Talla zan rubuta a wurin. Na shagona."

"Talla ake yi wa wannan kallon? Lallai tallan nan ya yi sa'a."

Gimbiya ta yi dariya, tururi na fita daga bakinta. Auta ta ɗauka. Ta durƙusa a kan dusar ta sake ɗauka daga ƙasa, don kogin da hasumiyar agogo su fito a baya. Hoton ya yi kyau ƙwarai.

Kafin ta mayar da safar hannunta ta zaro waya daga aljihu. Babu komai. Tun ranar da suka sauka a wannan birni saurayinta Barista bai ɗaga kiranta ba, saƙonninta kuma suna nan a jere, an karanta, ba a amsa ba.

"Kin sake duba shi," in ji Gimbiya. "Me muka yi da ke? Mun zo hutu ne, ba zaman makoki ba."

"Ko gaisuwa ce ai ya amsa..."

"Ki bar shi ya ji rashinki. Namiji sai ya nema ya rasa yake sanin abin da ke hannunsa. Zo mu shiga wani wuri, ƙafata ta mutu."

Maganar Auta da Barista ta daɗe, kowa a dangi ya san da ita. Abin da ya tsayar da ita Hajiyarsa ce. Ta taɓa ganin Auta a wani biki a tsaye kan kujera, kyamara a wuya, tana ba maza umarnin su matso su yi murmushi. Tun ranar ta ce ɗanta ba zai auri yarinyar da ke hawa kujerun mutane ba. Gimbiya ce ta shiga tsakani. Mahaifiyarta aminiyar Hajiya ce, gidan kamar nasu ne, sai ta riƙa zuwa tana yi wa Auta kamun ƙafa. Ta kan dawo ta ce, "Ta fara saukowa, ki ƙara haƙuri." Ita ce kuma ta kawo shawarar wannan tafiya. Ta ce su je su ga dusar ƙanƙara da idonsu ko sau ɗaya, su bar wa mutane garin.

Suka shiga wani babban kanti mai hawa da yawa, ɗumi ya buge su tun daga ƙofa. Gimbiya ta wuce ɓangaren mata ko waiwaye babu, ta tsaya gaban turarukan maza.

"Zaɓar min ɗaya. Na Yayana."

"Yayanki da ke cewa turare na sa shi atishawa?"

"Ya warke."

Auta ta shinshina kwalabe da dama. Hannunta ya tsaya a kan wanda ta sani, mai ƙamshin itace, wanda ke kama kujerar motar Barista.

"Wannan. Ba ya hawa kai."

"Na san ba za ki zaɓi na banza ba," in ji Gimbiya, ta miƙa wa mai kantin ya naɗe.

Da yamma a otal Auta ta gyara hasken hotunan ta tura mata, kamar yadda ta saba yi mata tun suna makaranta.

Washegari da safe ta sauko ɗakin karin kumallo ita kaɗai, ta bar Gimbiya a banɗaki. Ta zauna kusa da taga da kofin shayi. A waje wani mutum na kwashe dusa daga bakin titi da shebur. Wayarta ta yi ƙara, ta ɗauka da sauri har shayin ya zube.

Ba Barista ba ne. Oga mai kati ne, wanda duk katunan bikin da take aiki a kansu shi ke bugawa.

"Hajiya Auta, an je ƙasar sanyi ba sallama? Ina tsarabata?"

"Oga, ina kwana. Dusa zan ƙullo maka a leda."

"Ki ƙullo, na sa a ruwan sha. Kin ga, aikin nan naki ne ya ba ni matsala."

"Wane aiki? Ban bar maka komai ba."

"Na amaryar kan gada mana, mai jar riga. Jiya yayarta ta kawo min, wai ana so ya fito kafin ƙarshen mako. Ina buɗewa na gane hannunki, ba wanda ke ɗaukar hoto daga ƙasa haka sai ke. To hoton angon ƙarami ne, an tura shi ta waya ya lalace. Da na ƙara girmansa sai ya fashe. Shi ma ai naki ne, na ga alamarki a kusurwa. Ki turo min asalinsa."

Auta ta ajiye kofin.

"Turo min abin da ka haɗa in gani."

Hoton ya shigo. Gadar ce, da kogin, da hasumiyar agogo. Gimbiya ta ɗaga ido sama ta dama tana murmushi. A wurin da aka bari, Barista ne tsaye cikin baƙar kwat. Auta ce ta ɗauki wannan hoton a bakin tagar ofishinsa, ranar da ta ce masa ya daina ɗaure fuska kamar yana gaban alƙali, ya yi dariya, ta danna.

"Kin gani?" in ji Oga. "Ga kuma haske. Nata daga dama yake zuwa, nasa daga hagu. Mai ido zai gane liƙi ne. Hajiya Auta? Kina ji na?"

"Ina ji, Oga. Zan kira ka."

Ba ta jira lif ba, ta bi matakala.

Gimbiya na zaune gaban madubi cikin farar rigar wanka ta otal, tana shafa mai a fuska. Auta ta ajiye wayar a gabanta, tsakanin kwalaben kwalliya.

Hannun Gimbiya ya tsaya a kumatunta. Ta daɗe tana kallon hoton.

"Na ce wa Anti kada ta kai wa Oga," ta ce a hankali.

"Shi ne abin da ya dame ki?"

"Ta ce ke da bakinki kike cewa duk garin ba wanda ya kai shi..."

"Gaskiya na faɗa. Ba wanda ya kai shi."

Auta ta zauna a bakin gadonta. Gadaje biyu ne a ɗakin, tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce a miƙa hannu ba.

"Tun yaushe?"

"Ƙawalli, ki saurare ni..."

"Kada ki sake kira na haka. Tun yaushe?"

"Wallahi don ke na fara zuwa gidan. Don ke. Na roƙi Hajiya har na gaji. Ta ce ko za ta mutu ba ke ba. Rannan sai ta kama hannuna ta ce, ke da kike ta wahala a kan wata, me ya hana ki?"

"Sai kika rasa amsa."

"Ko ba ni ba, wata za a ba shi. Ba gara ni ba, da na san darajarki?"

Auta ta yi wata 'yar dariya marar sauti.

"Kawo ni nan fa? Shi ma darajata ce?"

Gimbiya ta sunkuyar da kai.

"Manya sun zauna shekaranjiya. Hajiya ta ce in kina gari za ki ji, za ki je ki same shi, shi kuma in ya gan ki ba ya iya tsayawa a kan magana ɗaya. Ni kuma na ce a ƙalla ki samu hutu, ki ga wuri mai kyau kafin..."

"Kafin ki yanka ni. Kin kyauta. Hoton fa? Duk birnin nan ba mai ɗaukar hoto sai ni?"

"Ba wanda ke fito da ni kamar ke," in ji Gimbiya, hawaye na gangaro mata a kan man da ba ta gama shafawa ba.

Auta ta miƙa hannu.

"Ba ni wayarki."

Ta danna lambar da ta haddace. Bugu ɗaya Barista ya ɗauka.

"Amaryata, kin tashi lafiya? Sanyin bai taɓa min ke ba ko?"

"Ta tashi lafiya. Ga ta a gabana."

Tana jin ƙarar fankar ofishinsa.

"Auta..."

"Ashe wayarka na aiki."

"Na so in faɗa miki da bakina in kin dawo. Ban so ki ji ta waya ba."

"Sai na ji ta wajen mai buga kati."

"Ki fahimce ni, masoyiyata. Hajiya ta daina cin abincin gidan, ta daina amsa gaisuwata. Ni kaɗai ne namiji a ɗakinta. Me kike so in yi?"

"Abu ɗaya zan tambaye ka. Ka san dalilin da ya sa aka kawo ni nan?"



"Na ga kamar zai fi miki sauƙi..."

"Kai ka raka mu filin jirgi. Kai ka ɗaura min gyale a wuya ka ce kada mura ta kama ni."

"Har yanzu ina sonki, Allah ne shaida. Ki ba ni lokaci. Wataƙila in an kwana biyu zuciyar Hajiya..."

"Matarka na ji, Barista. Ka iya bakinka."

Ta kashe, ta ajiye wayar a kan gadon Gimbiya. Ta sa rigar sanyinta, ta ɗauki jakar kyamara.

"Ina za ki?" Gimbiya ta miƙe a tsorace. "Za ki bar ni ni kaɗai a garin da ban san kowa ba? Ko sunan titin nan ban iya faɗa ba."

"Na yi wa mamanki alkawarin zan dawo da ke lafiya. Zan dawo da ke."

Ta fita. Ta shiga jirgin ƙasa na cikin gari ba tare da ta duba inda ya nufa ba, ta zauna kusa da taga har ƙarshen layi, ta dawo. Ba ta buɗe jakar ba. A hanya ta kira Oga ta ce masa asalin hoton ya ɓace, ya yi aiki da wanda ke hannunsa.

"Zai fito a fashe fa," in ji shi.

"Su suka zaɓa, Oga."

Sauran kwanakin sun yi su a ɗaki ɗaya, ba mai ce wa wata komai sai abin da ya zama dole. Kin gama da banɗaki. Mota za ta zo da hantsi. Ga fasfonki. A jirgi kujerunsu na manne da juna. Gimbiya, wadda ke tsoron tashin jirgi, ta damƙe hannun kujera maimakon hannun Auta.

Da suka fito daga ɗakin karɓar kaya, zafi ya tare su. Barista na tsaye bayan shinge, direban Hajiya a gefensa. Ya rame. Ya dubi wannan, ya dubi waccan, ya rasa wadda zai fara yi wa magana.

"Auta... sannu da hanya."

"Ka kama wa matarka kaya," ta ce. "Akwatinta ya yi nauyi."

Ta tura keken kayanta ta wuce shi. Can gaba Yayanta na jingine da motarsa yana ɗaga mata hannu. Ya karɓi akwatin ya sa a but, ya dubi inda ta fito, ya dubi fuskarta. Bai tambaye ta komai ba sai da suka hau titi.

"To, 'yar ƙasar waje. Yaya can ɗin?"

Auta ta kwance gyalen daga wuyanta, ta ninke shi a kan cinyarta.

"Akwai sanyi, Yaya. Ka kai ni wajen Mama."